Hoton da Za a Kai Makka

A shekarar da aka kori 'yan Gana, Maniru mai hoto na Bodinga ya gaji akwatin ɗaukar hoto. Ubangidansa, wani ɗan Gana da kowa ke kira Masta, ya tsaya a tasha da jaka a kafaɗa, ya ce akwatin ba zai shiga tirela ba, Maniru ya riƙe. Akwatin katako ne babba mai ƙafa uku. Akwai baƙin ƙyalle a bayansa inda mai ɗauka ke cusa kai, akwai kuma hannun riga a gefe inda yake zura hannu ya wanke hoton a ciki nan take.

Akwatin ya zo da ido biyu, wato gilashin da ake ɗaura masa a gaba. Ɗaya mai kaifi ne, da shi ake ɗaukar hoton fasfo da na lasin tuƙi, ba ya barin ko ƙurji ɗaya a baya. Ɗayan kuwa tsoho ne na tagulla, mai nauyi a hannu. Shi ba ya fitar da abu tsaf. Sai ya lulluɓe fuska da wani haske mai taushi, fata ta yi sumul kamar an shafe ta da man shanu. Matan Bodinga suka sa masa suna idon amare.

Da yake maza ba sa shiga gidajen kulle, Maniru ya koya wa matarsa Safinatu aikin. Safinatu mace ce mai kunya, ko gaisuwa za ta yi da manya sai idonta ya koma kan yatsun ƙafarta. Amma da ta cusa kai cikin baƙin ƙyallen nan sai ta sake. A can ba mai ganinta, ita ce ke ganin kowa a jikin gilashin baya, kai a ƙasa ƙafa a sama. Ba ta da abin so kamar idon amare. Ita ke goge shi da tsumma mai laushi, ta naɗe shi cikin tsohon ɗankwali.

To, a shekarar abubuwa sun yi wuya. An hana shigo da kaya da yawa, sabulu da madara sai da layi, ruwan sama kuma ya yi ta wasa da manoma. Takardar hoto ta ɓace a Sakkwato. Maniru ya je ya dawo hannu wofi har ya gaji. Hoto ɗaya kuwa takarda biyu yake ci. Ta farko takan fito a juye, baƙi ya zama fari, sai a kafa ta a gaban akwatin a sake ɗauka, sannan mutum ya fito da kamanninsa. Abin da ya rage musu a kwali bai wuce na hoto biyu ba.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Arzika, wani ɗan kasuwar albasa daga Kajiji, ya yi sallama. Safinatu tana daka a tsakar gida, tana jin maganarsu daga zaure.

Alhaji ya ce bara a Makka ya tsaya sayen tasbaha wurin wani tsoho, sai ya ji Hausar Sakkwato a bakinsa. Da suka gaisa, ashe mutumin Kajiji ne, sunansa Lirwanu. Tun yana saurayi ya bi ayarin masu tafiya hajji a ƙasa, bai sake dawowa ba. Wani matafiyi ya taɓa gaya masa sanƙarau ya share gidansu kaf, shi ya sa bai nemi hanyar gida ba.

"Na ce mai ƙanwatai Daso tana nan da rai, gidanta na kallon nawa," in ji Alhaji. "Sai tsohon ya ɓata rai. Ya ce kada in yi wasa da zuciyar tsoho, Daso nawa ag ga duniya? In gaskiya nika hwaɗi, in kawo mai huskarta ya gani."

"To, Alhaji, ai sai a ɗauke ta," in ji Maniru.

"Shi ya kawo ni. Jibi za mu shiga sansanin alhazai. Sai dai ta rantse namiji ba shi ɗaukarta. An hwaɗa mata akwatinku juya mutum shika yi, kai ƙasa. Ta ce zanenta ya zube gaban ƙato, da tsuhwanta?"

Dariya ta kufce wa Safinatu har taɓarya ta goce.

A daren Maniru ya ce mata ita za ta ɗauki hoton. Da safe tana naɗe kaya ta riga ta yanke shawara. Lirwanu ya bar ƙanwarsa tana yarinya, amarya sabuwa. In aka kai masa fuskar tsohuwa, ina zai gane ta? Idon amare ne zai ɗebe mata shekaru, ya mayar masa da yarinyar da ya sani. Ta faɗa wa Maniru a hanya, suna zaune kan buhuna a bayan a-kori-kurar Alhaji, an wuce Shagari ana ratsa gonakin gero da bai kai yadda ya kamata ba.

"Kin yi tunani," ya ce. "Amma ki tuna da takarda."

A Kajiji maza suka tsaya a zaure. Salamatu, matar ɗan Inna Daso, ta taya Safinatu shigar da akwatin. Tsohuwar na zaune kan tabarma a inuwar rumbu, ta ci ado da zanen saƙi, ta sa kwalli, tana tauna goro. 'Yar ƙarama ce, baƙa, idonta kamar na yarinya mai shirin tsokana.

Safinatu ta durƙusa. "Inna, mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau. Ke ta mai juya mutane? Ɗago in gan ki. Kai, wagga ko kaza ba ta iya kora, ita za ta juya ni?" Ta juya wajen surukarta. "Salamatu, kawo igiya in ɗaure zanena ga ƙahwa."

"Inna, ba ke za a juya ba, inuwarki ta," in ji Safinatu da ƙaramar murya.

"Inuwar tawa ba ta da mutunci?"

Sai da Salamatu ta leƙa cikin ƙyallen, ta rantse zane yana nan daram, sannan Inna Daso ta yarda ta hau kujera 'yar tsugune. Matan maƙwabta suka cika tsakar gidan. Safinatu ta ɗaura idon amare. A wuyansa akwai wani zobe da ake murzawa, ramin da haske ke shiga ya buɗe ko ya tsuke kamar idon kyanwa. Ta buɗe shi gaba ɗaya yadda take yi wa amare. Ta sa takarda, ta cire murfi, ta mayar da shi kafin a ja numfashi biyu. Ta zura hannu ta wanke, ta sake ɗauka, ta ɗauraye a bokiti.

Hoton ya yi kyau, ba ƙarya. Fuskar ta yi haske kamar wata, tamoji duk sun narke, ɗankwalin ya yi wani annuri a gefe. Mata suka ɗauki guɗa. Wata ta ce wallahi in tsohon liman ya gani sai ya aiko da goro.

Inna Daso ta karɓa, ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa. Ta daina tauna goron.

"Wa ta wagga?"

"Ke ce, Inna."

"Ni? Ina tsagata?" Ta shafa kuncinta. "Ɗiyata, kin wanke mani huska da ruwan maganinki. Wagga ɗiyar mutane ta, kyakkyawa, Allah shi ba ta miji. Amma Yaya bai san ta ba."

Safinatu ta duba hoton, ta duba tsohuwar. Sai yanzu ta lura. A kowane kunci na Inna Daso akwai tsagar gidansu, layuka sirara da suka taso daga gefen baki, tsufa ya cusa su cikin tamoji. A hoton babu ko ɗaya. 

"Na ɗauka yarinyar da ya bari zai nema," ta ce.

"Yarinyar ta tahi tun tuni. Zo ki gani." Tsohuwar ta kamo hannunta ta ɗora yatsanta kan kuncin hagu. Layin ƙasa bai bi 'yan uwansa ba. Ya taho daidai, sai ya karkace ya nufi kunne. "Kin ji ta? Aikin Yaya na."

Ta ba su labari, mata suka matso. Ranar sunanta, Lirwanu yana yaro, shi aka ba riƙon ragon suna. Wanzami ya ɗora ta a cinya yana tsaga, sai ragon ya fizge igiya, ya bi ta tsakar gida ya bangaje kujerar wanzami. Aska ta goce. Aka yi wa Lirwanu dukan da bai taɓa mantawa ba. Tun daga nan duk abin da take so a wurinsa, ko ɗanwake ko goyo zuwa rafi, sai ta nuna masa kuncin ta ce, kai ka ɓata ni.

"Da ita ni ci shi har ya tahi," in ji ta. "Duk waɗanda sunka san zancen ga sun mutu, sai ni da shi. In bai gan ta ba, cewa za shi yi Arzika ya ɗauko mai hoton wata."

Safinatu ta buɗe kwali ta duba. Takarda biyu ta rage, ta hoto ɗaya kacal.

Safinatu ta je bakin zaure ta tsaya ta ciki, ta yi wa mijinta bayani ƙasa-ƙasa. Maniru ya ce, "Ɗaura mai kaihi. Shi ba shi ɓoye komi."

Ta koma ta sauya ido, ta shiga ƙyalle. Mai kaifin bai ɓoye komai ba, nan ne ma matsalar. Kowane tamoji ya fito kamar an yanka shi da wuƙa, fuskar ta zama kamar ƙasar fadama da ta tsage da rani. Layi kan layi, ba a bambanta aikin wanzami da aikin shekaru. Ita da ta taɓa tsagar da yatsanta ma sai da ta neme ta. Balle tsoho a Makka, wanda wataƙila idonsa ya yi rauni.

Ta daɗe a cikin ƙyallen, gumi na bin wuyanta.

"Ta yi kwana?" in ji Inna Daso. "Salamatu, duba mani ko ta suma."

Safinatu ta fito, ta cire mai kaifin, ta mayar da idon amare. Ba ta taɓa tsuke zobensa ba, don amare ba abin da suke so sai haske. Ta koma ciki, ta miƙa hannu gaba tana murza shi a hankali. Hazon ya fara janyewa. Idanu suka fito, bakin ɗankwali ya fito. Ta ƙara kaɗan. Ƙananan tamojin suna nan a narke, amma layukan da aska ta shiga da zurfi sun fara bayyana, dishi-dishi. Ta ƙara, sai tamoji suka taso gaba ɗaya. Ta koma baya kaɗan ta tsaya, ta sake daidaita nisan gilashin har kwallin idon ya fito sosai.

Saura haske. A inuwar rumbu haske ta ko'ina yake zuwa, tsagar ba ta da inuwa. Ta fito ta duba tsakar gidan. Rana ta karkata, hadari na haɗuwa a gabas. A ƙofar ɗakin tsohuwar haske ta gefe ɗaya yake shiga.

"Inna, ki koma bakin ƙohwa. Ki ba rana kuncin hagu, amma kada ki dube ta."

"Ji mani yarinya! Ɗazu ba ta iya gaisuwa, yanzu ita ka juya ni kamar waina."

Ta koma dai, tana mita. Da Safinatu ta sake leƙawa sai ta ga abin da take nema. Hasken ya bi kuncin a kwance, kowace tsaga ta sami 'yar inuwarta, karkatacciyar ta fito fili tana hawa wajen kunne. Fuskar kuma ba ta yi tsauri ba, akwai sauran taushin nan a goshi da gefen ɗankwali.

Amma da ramin ya tsuke, haske kaɗan ke shiga. Dole murfin ya daɗe a buɗe, kamar tsawon gaisuwa da surukai. In tsohuwar ta motsa kai ko kaɗan, layukan za su haɗe. Inna Daso kuwa ba ta san zama shiru ba. Aka gwada ba takarda. Safinatu ta ce, "Kada ki motsa," sai tsohuwar ta fashe da dariya. Aka sake, ta ce ƙuda ya sauka mata a hanci. Aka sake, ta hango akuya na cin dawa a turmi ta daka mata tsawa. Iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya.

Safinatu ta tuna da matan Fulani masu kawo nono kasuwar Bodinga. Suna tafe suna hira suna dariya, amma wuyansu ba ya motsi.

"Salamatu, don Allah ciko mani ƙwarya da ruwa. Ta cika har baki."

Aka yi gammo aka ɗora wa tsohuwar a ka. Nan take bayanta ya miƙe, haɓarta ta ɗago, wuyan ya tsaya cak kamar an dasa shi. Shekarun da ta yi tana ɗauko ruwa daga rijiya ne suka riƙe ta. Safinatu ta sunkuyar da akwatin kaɗan yadda ƙwaryar ba za ta shiga ba.

"In ɗigo ɗaya ya zuba, Inna, matan Kajiji sun ga kin tsuhwa," ta ce. Ita kanta ta yi mamakin bakinta.

"Ni? Ɗauki ki gani!" in ji tsohuwar ta tsakanin haƙora.

Safinatu ta sa takarda, ta yi bisimilla, ta cire murfi. Ba wanda ya yi tari. Bakin Inna Daso yana so ya yi dariya, tana danne shi, idonta na ƙyalli. Safinatu ta jira har ta ji a ranta ya isa, ta ƙara kaɗan, ta rufe. Ruwa ko ɗigo bai zuba ba.

Ta wanke ta farko, ta kafa ta, ta sake ɗauka da takardar ƙarshe, wannan karon da mai kaifi don kada layin ya ɓace a hanya. Hannunta na cikin akwatin tana jujjuya takardar a ruwan magani lokacin da yayyafi ya fara sauka. Mata suka kama akwatin da ita da komai suka ruga cikin ɗaki.

A bakin ƙofa aka duba hoton, yana ɗigar ruwa. Tsohuwa ce, ba wanda zai ce yarinya ce. Amma tsohuwa mai kwarjini, wuya a miƙe, dariya a maƙale a gefen baki. Ga tsagar nan a kunci, ga wadda ta karkace.

Inna Daso ta ɗora yatsa a kanta. 

"To," ta ce. "Yanzu shi musanta mu gani." Ta share ido da bakin zane, ta ɗauki hoton farko ta cusa ƙarƙashin matashi. "Wagga kuwa tawa ta. Ba mai taɓa mani ita."

Ruwa ya sauka sosai a ranar, irin wanda aka daɗe ana roƙo. A zaure Alhaji Arzika ya naɗe hoton cikin leda ya sa a aljihun ƙirji.

Sai bayan an yanke gero alhazai suka dawo. Alhaji ya aiko mota Bodinga, ya ce Lirwanu ya aiko da saƙo a kaset, amma Inna Daso ta ce ba za a kunna komai ba sai mai juya mutane ta zo. Safinatu ta tarar da gidan a cike, rakoda na kan tabarma, an yo aron batir daga gida uku. Alhaji ya leƙo daga zaure ya ce tsohon ya karɓi hoton a gaban tirensa na tasbaha, ya kai shi kusa da ido, ya zauna a ƙasa daɓas. Sai da ya yi kuka ya ƙoshi, sannan ya tashi ya raba wa mutanen da ke wurin dabino.

Salamatu ta danna kaset. Aka ji shuuu, aka ji gyaran murya.

"Daso. Daso, ke ta. Na gani. Wallahi na gani." Muryar ta tsaya, ta dawo. "Amma ki ji, tunda mun tsuhwa bari in hwaɗa maki gaskiya. Igiyar ragon ga ruɓaɓɓa ta. Ba laihina na ba."

"Ƙarya kaka yi!" Inna Daso ta daka wa rakodar tsawa, hawaye na bin tsagar. "Sabuwa ta! Baba ya tuƙa ta da hannunai!"

Gidan ya kaure da dariya, sai da aka mayar da kaset baya don a ji sauran. Ya tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi tsamiyar bakin rijiya ko tana nan. Ya ce yana da 'ya'ya da jikoki, babbar 'yarsa sunanta ya sa mata. Ya ce in Allah ya kai rai, bayan azumi ɗansa zai rako shi gida, a tanada masa fura mai yaji.

Har da hotonsa ya aiko, mai launi, an ɗauke shi a gaban labule. Tsoho ne siriri da farin gemu da tabarau. Inna Daso ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa.

"Subhanallahi, ya tsuhwa! Dubi yadda ya koma." Ta miƙa wa Safinatu, ta fizge kafin ta gama gani. "Kunnuwan Baba na, ba shakka. Salamatu, wane gero munka ajiye? A ware mai kyau tun yanzu. Mutumen ga ci garai."